Tarihin Fitila a Ƙasar Muniyo da Labarin Maƙeranta

A ƙasashen Turai da Amurka akwai a yau jama'a masu yawa waɗanda suka mai da tara tsofaffin fitilun tebur abin sha'awarsu, wato fitilun lantarkin nan da aka ƙera tsakanin shekarun 1930 da na 1960, har ta kai ana fito da su kasuwar gwanjo ana tayawa da kuɗi masu nauyi, wasu kuma a ajiye su a gidajen tarihi bayan gilashi kamar yadda ake ajiye takobin sarki. Abin da ya fi ɗaukar hankalina game da mutanen nan shi ne, duk fitilar da ka ɗauko ka nuna musu, sai su gaya maka sunan wanda ya ƙago ta, da garin da masana'antarta take, da shekarar da ta fito, kamar yadda malamin hadisi yake jero maka isnadi. Za su ce maka wannan Anglepoise ce, wadda George Carwardine, injiniyan mota na garin Bath a Ingila, ya ƙago a 1932 da hikimar zare na ƙarfe mai miƙewa yana komawa, yadda duk inda ka tanƙwara hannunta nan za ta tsaya, kamfanin Herbert Terry na garin Redditch kuma ya fito da samfurinta na gida mai lamba 1227 a 1935. Za su ce waccan Luxo ce ta Jac Jacobsen mutumin Norwe, ta 1937. Waccan kuwa Jieldé ce, wadda Jean-Louis Domecq ya tsara a birnin Liyon na Faransa a 1950 saboda ya rasa fitilar da za ta jure wahalar maƙerarsa, ya kuma ciro mata suna daga haruffan farko na sunansa.

Dukkan waɗannan fitilu kuwa suna da sharaɗi guda, wato a sami wayar lantarki a jikin bango, sharaɗin da gidajen garin Gure na ƙasar Muniyo ba su cika shi ba a shekarun nan. Amma fa an yi karatu da dare a Gure a zamanin, an rubuta wasiƙu, an yi lissafin lanho, an kwafi littattafai, an karɓi haihuwa, an yi jinyar marasa lafiya har asuba. Saboda haka tambayar da ta wajaba a kanmu ita ce, wace fitila ce ta tsaya a kan teburin akawu da gefen buzun malami a wancan lokaci, daga ina ta zo, wa kuma ya ƙera ta. Domin ita ma tana da isnadinta, sai dai mu ba mu damu da haddace shi ba.

Gure gari ne da ke zaune a gindin duwatsu, kimanin kilomita 160 gabas da Damagaram, a kan babbar hanyar da ta nufi Difa da Tafkin Cadi, kuma shi ne ya zama babban birnin ƙasar Muniyo a ƙarni na 19, zamanin Muniyoma Koso, wanda Bajamushen nan matafiyi Heinrich Barth, da mutanen ƙasashenmu suka sani da suna Abdulkarim, ya iske a kan sarauta sa'ad da ya biyo ta garin a watan Disamba na 1852, yana kan hanyarsa daga Kukawa zuwa yamma. Ƙasa ce ta Mangawa da Hausawa da Fulani da Tubawa da Buzaye, arzikinta kanwa da gishirin mangul da dabinon kwari da dabbobi. A daren da Barth ya kwana a garin, hasken da ya gani bai wuce iri uku ba: farin wata idan kwanakinsa ne, da wutar itace, da fitilar kasko. Ita wannan ta ukun ɗan kasko ne na yumɓu, ko na ƙarfe idan maƙeri ya ƙera, a zuba masa man gyaɗa ko man shanu ko man kaɗe da fatake ke kawowa daga kudu, a murza auduga ko tsumma a yi lagwani, a kwantar da shi a bakin kaskon, a kunna. Kalmar fitila kanta daga Larabci muka aro ta, inda asalin ma'anarta shi ne lagwanin da aka murza, sai mu muka ɗauki sunan lagwani muka ba abin gaba ɗaya. Mai kuwa abinci ne, wanda ya zuba shi a kasko ya rage shi ne daga miya, don haka talaka bai cika kunna fitila ba sai da dalili, da an yi sallar lisha an ci tuwo sai kowa ya nemi makwanci, dare mahutar bawa.

Masu raya dare na haƙiƙa a wancan zamani su ne almajirai. Gabas ita ce alƙiblar masu neman haddar Alƙur'ani tun zamanin daular Barno, ƙasar Manga kuwa tana kan hanyar, ita ma kuma gidan tsangayu ce. Da la'asar sakaliya sai ka ga kolaye da titibirai sun dawo daga daji, kowa da ɗan daminsa na ƙirare ko karan gero, a tara a tsakiyar fili, idan duhu ya yi a hura, a kewaye wutar, kowane yaro ya karkata allonsa yadda harshen wuta zai faɗa a kan rubutun, alaramma yana daga gefe yana sauraron muryoyi talatin a lokaci guda, yana kuma jin wanda ya yi kuskuren wasali a cikinsu. Da sulusin dare na ƙarshe a sake hura ta don karatun asuba. Tokar da ke taruwa a wurin shekara da shekaru takan zama tudu, har a riƙa gane tsufan tsangaya da tsawon tudun tokarta. Ina ganin duk wanda zai rubuta tarihin ilimi a ƙasar nan, bai yi adalci ba idan bai ambaci wannan wuta ba, domin gwanaye da yawa a gabanta suka sauke. Malamanmu kuma sun san darajar fitila tun daga littattafansu: sun karanta misalin haske a aya ta 35 ta Suratun Nur, sun san ruwayar da ta ce Tamimud Dari ne ya fara kunna fitilu a masallacin Madina, sun kuma san hadisin da ya yi umarni a kashe fitila kafin barci saboda ɓera kan ja lagwani ya ƙona gida, umarnin da duk mai ɗakin ciyawa ya san hikimarsa ba sai an yi masa sharhi ba.

Abin da ya sauya daren duniya baki ɗaya shi ne kananzir. Tun da aka haƙa rijiyar man fetur a Titusville ta Amurka a 1859, sai wannan mai ya yi arha ya bazu a kasuwannin duniya, amma bai iso ƙasashenmu da yawa ba sai da hanyar ciniki ta juya baya ga hamada ta fuskanci teku. Faransawa sun kama Damagaram a 1899, suka mai da ita hedkwatar mulkinsu daga 1911 har zuwa 1926 da suka koma Yamai. A 1911 ɗin nan kuma layin dogo ya iso Kano, fataucin ayarin Tarabulus ya durƙushe, domin kayan da raƙumi ke shafe watanni yana ɗaukowa, jirgin ƙasa ya kawo shi cikin ƴan kwanaki. A 1930 aka kai layin Nguru, wadda ke kudu da Gure tafiyar ƴan kwanaki da raƙumi ko jaki, sai ya zamana mutumin Muniyo ya gangara da kanwa da fatu da dabbobi, ya hauro da yadi da sukari da alimeti da kananzir. Manyan kamfanonin Turawa su ke riƙe da bakin wannan ciniki: CFAO na Marsai wanda aka kafa a 1887, da SCOA, da Janhol, da UAC wanda aka haɗa a 1929, daga kantunansu kuma kaya ke sauka hannun Larabawa da ƴan Kwara da dillalan Hausawa har ya isa rumfar mai tebur a kasuwar ƙauye, inda ake auna kananzir da ƴar kwalba.

A cikin garwa kananzir yake zuwa, wato gwangwani mai kusurwa huɗu mai cin galan 4, kimanin lita 18, kuma wannan garwa ta yi mana aikin da masu ƙera ta ba su taɓa tunani ba. Idan man ya ƙare sai ta koma abin ɗiban ruwa a kafaɗar ƴan ga-ruwa, ko ma'aunin hatsi, ko a fasa ta a buge a yi ƙyauren ɗaki. Daga ita da gwangwanayen madara da na tumatir kuma aka sami kamfanin fitila na farko a ƙasarmu, wanda ba shi da suna ba shi da tambari, wato maƙerin gwangwani da ke zaune a inuwar rumfa ranar kasuwa. Na sha tsayawa ina yaro ina kallon ɗaya daga cikinsu: ya ɗauki gwangwanin madara, ya yanka wani ɓallin ƙarfe da almakashi ya naɗe shi a jikin ƙusa ya zama ɗan bututu, ya huda murfi ya zura, ya ciro ƙarfen liƙi daga garwashi ya goga a dalma ya bi bakin da shi, ƙamshin ƙonewa ya tashi, ya manna ɗan mariƙi a gefe, ya hura ya ga ko tana yoyo, ya ajiye a layi ya ɗauki na gaba. Wannan ita ce aci-balbal, fitilar mai ƙosai da mai tsire da mai goro, mai harshe ja da hayaƙi baƙi, wadda iska kaɗan ke kashewa, amma kuɗinta bai fi ƙarfin kowa ba.

Sarauniyar fitilun wancan zamani kuwa ita ce fitilar ƙwai, ita ce kuma ta cancanci a tsaya a kanta. Mutane da yawa sun ɗauka sandunan nan biyu da ke gefenta don riƙe ƙwan kawai aka yi su, alhali kuwa bututu ne masu rami, aikinsu su ɗauko iska daga sama su gangaro da ita ƙarƙashin lagwani a hankali, ta yadda wutar za ta sami abin shaƙa daidai gwargwado, guguwar waje kuma ba ta da hanyar isa gare ta. Wani Ba'amurke mai suna John Irwin ne ya ƙago wannan dabara a ƙarshen shekarun 1860, kamfanin Robert Dietz na Niyok, wanda ya fara sana'ar fitila tun 1840, ya yaɗa ta a duniya, kafin ya buɗe masana'anta a Hon Kon a 1956 don kusantar kasuwannin da ba su da lantarki. A Jamus kuma, a wani ƙaramin gari na maƙera mai suna Beierfeld cikin duwatsun Sakisoni, gidan Hermann Nier ya kafa masana'antarsa a 1902, a 1914 ya yi wa fitilarsa rajista da suna Feuerhand, ma'anarsa hannun wuta, tambarinta kuma hannu ne riƙe da harshen wuta. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu aka ƙwace masana'antar a ɓangaren da Rasha ta mamaye, iyalin suka tsere yamma, suka sake kafa ta a Hohenlockstedt ta arewacin Jamus, inda suka ci gaba da fito da samfurin nan mai lamba 276. Mai saye a kasuwanninmu, wanda bai karanta boko ba, da tambari yake gane kaya, ya ɗaga fitila ya auna nauyinta a hannu, ya ƙwanƙwasa cikinta da farce, ya murɗa maɗaurin lagwani ya ga ko yana hawa da sauka ba gardama, sannan a shiga ciniki.

A gidan da na tashi, gyaran fitila aikin yara ne, kuma yana da lokacinsa kamar salla, wato tsakanin la'asar da magariba. Sai a danna ɗan ƙarfen gefe ƙwan ya ɗaga, a zare shi da hannu biyu ana riƙe numfashi, domin fasa ƙwai laifi ne da ake kwana ana maganarsa. A huce a cikinsa, a goge baƙin jiya da tsumma da ɗan toka mai laushi har ya yi garau, a daidaita bakin lagwani da reza don kada harshen ya yi ƙaho ya ɓata gilashin, a zuba kananzir ta mazurari ba tare da an cika shi fal ba. Idan ƙwai ya tsage ba a jefar da shi, sai a liƙe tsagar da takarda da ƙaro a ci gaba har Allah ya kawo kuɗin sabo. Da dare kakata takan rage lagwani har wutar ta koma kamar ƙwayar gero, ta ce kananzir ba ruwan rijiya ba ne, amma idan ta ji ɗayanmu ya buɗe littafi sai ta miƙa hannu da kanta ta ƙara.

An ɗanɗana darajar wannan mai a shekarun Yaƙin Duniya na Biyu, domin daga 1940 zuwa ƙarshen 1942 hukumar Nijar tana bin gwamnatin Bishi ta Faransa, Nijeriya kuma tana hannun Ingila, sai aka rufe iyaka tsakanin ƴan'uwa, kayan kanti suka yi wuya, gidaje da yawa suka koma ga kasko da man gyaɗa kamar zamanin kakanni.

Sama da fitilar ƙwai akwai fitilun manya, su ne kuma suka fi kusa da abin da Turawa ke kira fitilar tebur. Asalinsu daga wani masanin kimiyya ne na Ostiriya, Carl Auer von Welsbach, wanda ya gano a 1885 cewa idan aka jiƙa ƴar jakar zare da wasu sinadarai aka ƙona ta, tokar da ta rage a tsaye takan ba da farin haske mai ƙarfi idan wuta ta gasa ta. A kan wannan ne Max Graetz na kamfanin Ehrich & Graetz a Balin ya gina Petromax a 1910, gidan Tilley na Hendon a Landan ya fito da tasa mai aiki da kananzir, Victor Johnson kuma ya kafa kamfaninsa a Cikago a 1908 ya sa wa fitilarsa suna Aladdin, wato Ala'uddin mai fitilar nan na hikayoyin Larabawa. Ita Aladdin ba ta da famfo, lagwaninta zagayayye ne, ƙwanta dogo, tana ci shiru, don haka ta dace da teburin rubutu. Petromax da Tilley kuwa sai an yi musu hidima: a zuba ɗan barasar kunnawa a ƙaramin kasko a ƙona don bututu ya yi zafi, a buga famfo iska ta matsa man ya hau, ya zama tururi, sai ka ji ta yi tsaki ta kama, fili ya yi fari fat, babbarsu tana ba da hasken kyandir 500, tana huci kamar kumurci har gari ya waye, ƙwari na kewaya ta. Ita ƴar jakar tokar kuwa ko yatsa ya taɓa ta sai ta ruguje. Irin waɗannan ake gani a biron kumandan da gidan likita da kantin babban attajiri a ko'ina cikin Afirka ta Yamma, daga baya kuma suka shiga hannun jama'a, ana aro ko haya don tafsirin azumi da daren Mauludi da bikin aure.

Ni dai a ganina, duk da ƙasaitar waɗannan, ba su kai fitilar ƙwai tasiri ba, domin ita ce ta shiga ɗakin talaka. Da ita malami ya sami damar buɗe Risala ko Muhtasar bayan lisha shi kaɗai a zaurensa, ba sai ya jira wutar tsangaya ba. Da ita marubucin Alƙur'ani ya ƙara sa'o'i a kan aikinsa, tela ya gama ɗinkin salla, ungozoma ta ga abin da hannunta ke yi. A ƙarƙashinta kuma ƴan lakwal na farko suka haɗa kai huɗu ko biyar a kan tabarma guda suna bitar abin da mushe ya ba su, waɗanda daga cikinsu aka sami ma'aikatan da suka karɓi ƙasa bayan mulkin kai na 3 ga Agusta 1960. Ba na ɓoye illarta: ta cinye idanun masu karatu da yawa, hayaƙinta ya zauna a ƙirjin yara, aci-balbal kuma ta tashi gobarar da ta lashe dangogi da rumbuna a lokacin hunturu. Amma wanda ya auna abin da ta ci da abin da ta bayar, zai ga ribar ta rinjaya nesa ba kusa ba.

Faɗuwarta ba ta zo a rana ɗaya ba. An kafa NIGELEC a 1968, lantarki ya riƙa shiga garuruwa sannu a hankali, ya bar mafi yawan ƙauyuka a inda ya same su. Tocila mai batir ta karɓe tafiyar dare. Fitilun ƙwai na Sin masu arha suka ture na Jamus daga kasuwa. Abin da ya gama da ita shi ne ƴan fitilun nan masu farin haske da suka cika kasuwanni a shekarun 2000, na batir da na caji da na sola, waɗanda ba su shan mai ba su yin hayaƙi, haƙiƙa kuma rahama ne ga ɗalibi da mai jego. Ko a watan Agusta na 2023, sa'ad da Nijeriya ta yanke wutar da take ba Nijar garuruwa suka shiga duhu, sola da hasken wayar hannu mutane suka fi nema. Sai dai ita sabuwar fitila idan ta mutu ta mutu ke nan, babu lagwanin da za a sauya, babu maƙerin da zai liƙe ta, sai bola. Feuerhand kuwa har yau ana ƙera ta a Hohenlockstedt, amma masu sayenta yanzu galibi Turawa ne masu fita shaƙatawa a daji da masu ƙawata lambu.

Na tabbata a Gure da ƙauyukan Muniyo akwai sauran waɗannan fitilu rataye a kusurwar ɗakunan tsofaffi, ko a bayan rumbu tsatsa na cin su, masu sayen tsohon ƙarfe kuma suna zagayawa kullum da buhu da ma'auni. Ina roƙon mai karatu, kafin ya miƙa ta gidansu a auna, ya goge ƙurar da ke kan cikinta ya karanta sunan da aka buga a jiki, ya tambayi dattijon gidan a wace kasuwa aka saye ta, da nawa, wa ya yi karatu a gabanta, wane maƙeri ne kuma yake liƙe ta idan ta yi yoyo, ya rubuta amsar a takarda ya ɗaura a mariƙinta. Wanda ba shi da wurin ajiya, akwai gidan tarihi a Damagaram, akwai kuma na ƙasa mai sunan Bubu Hama a Yamai, wanda aka buɗe tun 1959. Ya kai musu ita tare da takardar.